Kwamitin ba ƙaramar hukuma shawara kan masu buƙata ta musamman: ta ina ake farawa?

Sabon Mamba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki. Idan ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin da zai riƙa ba ta shawara kan yadda masu buƙata ta musamman za su iya shiga gine-ginenta, su kuma sami hidimarta kamar kowa, amma ba a ba kwamitin komai ba sai suna da jerin mambobi, da me ya kamata ya fara? Ra'ayi ya rabu: wasu sun ce a fara ƙidayar masu nakasa, wasu sun ce a fara zagaya ofisoshi. Idan kuma zagayen za a yi, me ake aunawa, kuma nawa ne daidai? Abin da ake gudu shi ne a shekara ana zama, a wayi gari ko ƙofa ɗaya ba a faɗaɗa ba.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙidaya da zagaye duk za su zo, amma ba su ne farko ba. Farko takarda ce mai shafi biyu ko uku, wadda majalisar ƙaramar hukuma za ta amince da ita a zamanta, ta fayyace hurumin kwamitin. Kwamitin shawara ba shi da kuɗi, ba ya ba da umarni. Ƙarfinsa yana wuri biyu: lokacin da ake tambayarsa, da abin da ake yi da amsarsa.

Maganar lokaci ta fi komai. A rubuta cewa duk zanen sabon gini ko na babban gyara zai zo gaban kwamiti kafin a sa masa hannu, a ba ku kwana 21 ku duba. In aka kira ku bayan an zuba kankare, kallo aka kira ku. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 kan nakasa ya nuna cewa cika ƙa'idojin shiga a sabon gini yakan ci kamar kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin ginin, muddin tun a zane aka sa su. Fasa bango da sake jan bututu daga baya kuwa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ma kasafin kuɗi: ku tambayi watan da sassa ke miƙa buƙatunsu na shekara mai zuwa, ku miƙa naku jerin wata biyu ko uku kafin nan. Shawara mai kyau da ta iso bayan an rufe kasafi sai ta jira shekara guda.

Sai amsa. A rubuta cewa kowace shawara za ta sami amsa a rubuce cikin kwana 30, kuma amsar ɗaya ce cikin uku: an karɓa ga ranar aiki, an ƙi ga dalili, ko an ɗage zuwa rana kaza. "Za a duba" ba ta cikinsu. A kuma ambaci muƙamin jami'in da zai riƙa zama da ku, wanda zai iya shiga ofishin shugaban sashen ayyuka ba tare da neman izini ba. In ƙaramin ma'aikaci aka turo, komai kirkinsa, takardunku a teburinsa za su kwana.

Game da mambobi, tara zuwa sha uku sun isa, kuma mafi yawansu su kasance masu nakasar da kansu. Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A lardin Ontariyo na Kanada, dokar 2005 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma mai mutum 10,000 ko fiye ta kafa irin wannan kwamiti, mafi yawan mambobinsa masu nakasa, tare da ba shi damar duba zanen filaye da gine-gine. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta ce a sashe na 4 a tuntuɓe su ta hannun ƙungiyoyin da ke wakiltarsu. Ku lura da bambancin ƙungiyar da su ke jagoranta da ƙungiyar da ke yi musu aiki. Duka biyun suna da amfani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kujeru su tafi ga masu keken guragu kaɗai don su ake gani. A sami makaho, da kurma, da mai lalurar fahimta ko mai kula da shi, da mai lalurar da ido ba ya gani, a kuma tabbatar akwai mata. Kuɗin sufurin mambobi da na tafinta su shiga takardar, in ba haka ba bayan zama uku masu hali ne kawai za su rage.

Injiniya ya rubuta:

Na yarda da Malam Sakatare. Bari in ɗauki ɓangaren awo.

Kada ku duba gini ɗaki-ɗaki. Ku bi hanyar da mutum zai bi: daga inda ya sauka a abin hawa, zuwa ƙofar harabar, zuwa bakin ginin, zuwa wurin tambaya, zuwa ofishin da ya zo nema, zuwa banɗaki, sannan hanyar fita in gobara ta tashi. Wuri ɗaya in ya toshe, duk sauran gyaran bai amfane shi ba. Banɗaki mai kyau a bayan matakala uku daidai yake da babu. Kayan aiki kaɗan ne: tef mai mita 5, ma'aunin lebur na magina mai tsawon mita 1.2, wayar ɗaukar hoto, da takarda mai gurbi huɗu: wuri, abin da aka auna, abin da ya kamata, gyaran da ake so. Adadin da zan kawo daga ƙa'idojin Amurka da na Birtaniya da ISO 21542, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan sauƙin shiga gine-gine, suke. In dokar gini ta ƙasarku ta fi su tsauri, ita za ku bi.

Gangaren hawa, wanda mai keken guragu ke bi maimakon matakala, shi aka fi ɓatawa. Iyakarsa ɗaya cikin sha biyu: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace, wato tsayin santimita 45, suna buƙatar gangare mai mita 5.4. Ƙara shimfiɗaɗɗen wuri mai mita 1.5 a sama da wani a ƙasa, ka ga mita 8.4 ke nan. Abin da ke faruwa shi ne ɗan kwangila ya duba filin da ya rage gaban ƙofa, ya ga mita 2, ya zuba siminti a kai. Wannan ya kusa ɗaya cikin huɗu. Mai hawa keken zai iya kifewa ta baya, mai sauka kuma ba zai iya tsayar da shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora bakin ma'aunin lebur ɗin a kan gangaren ta sama, ɗaga ɗaya bakin har kumfar da ke cikin ma'aunin ta zo tsakiya, auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. In ta wuce santimita 10, gangaren ya faɗi jarrabawa. A ƙa'idar Amurka ba a hawa fiye da santimita 76 a jere ba tare da wurin hutawa ba, don haka dandamali mai tsayin santimita 90 yana buƙatar gangare kashi biyu, jimilla wajen mita 15. In fili bai kai ba, a naɗe shi ya juyo, ko a nemi wata ƙofar da ƙasa ta fi tudu, amma ta zama ƙofar da kowa ke bi, ba ta bayan gida kusa da shara ba.

Faɗinsa mita 1.2, da ɗan tudu mai santimita 10 a gefe don kada ƙaramar tayar gaba ta zame. Ƙarfen dafawa a hannu biyu, a tsayin santimita 90 ko kusa, ya zarce ƙarshen gangaren da santimita 30. Kada a sa tayil mai sheƙi, ruwa kaɗan ya isa ya mai da shi tarko. Siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi. Shimfiɗaɗɗen wurin sama kuma ku duba ko ƙofa tana buɗowa cikinsa, domin in haka ne mai keke zai ja baya ya koma kan gangaren kafin ya iya buɗe ta.

Ƙofa: a auna sararin da ya rage bayan an buɗe ta sosai, ba faɗin ramin bango ba. Kada ya gaza santimita 80, in ya kai 85 ko 90 ya fi. Dokin ƙofa kada ya wuce milimita 13. Mariƙin ya zama irin na dannawa ƙasa, ba mai dunƙule da ake murɗawa ba, don wanda yatsunsa ba sa kamawa ya iya amfani da gwiwar hannu. Na'urar da ke mai da ƙofa kan yi tauri ainun, kuma sassauta ta aikin minti biyar ne.

Kanta: wani yanki nata ya sauko zuwa santimita 76, da sarari a ƙasa mai tsayin santimita 70 don gwiwa ta shige. Banɗaki a ƙa'idar Birtaniya mita 1.5 ne a mita 2.2, kujerar a tsayin santimita 48, ƙofar tana buɗewa waje. Dalilin buɗewa waje shi ne in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. Ƙarafan dafawa a kafa su cikin bulo da ƙusa mai ƙarfi, ku gwada da nauyin mutum. Ƙarfen da ke tumɓukewa ya fi rashinsa haɗari, domin mutum ya riga ya saki jiki da shi.

Ɗaya kuma da masu ido ba sa lura da shi: abin da ya turo daga bango fiye da santimita 10, a tsayin da ke tsakanin santimita 68 da mita 2. Taga da aka buɗe waje, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar kashe gobara. Farar sandar makaho ƙasa take lalube, za ta wuce ta ƙarƙashinsu, goshi ne zai same su.

Malama Tafinta ta rubuta:

Allah ya saka da alheri Injiniya, awon nan sai a buga a ajiye. Sai dai ina jan hankalin ɗan'uwa mai tambaya kada kwamitin ya zama na siminti kaɗai. Kurma yana hawa matakala lafiya, ya isa kanta, ya koma gida ba a biya masa buƙata ba. An kira sunansa da baki sau uku yana zaune, aka wuce shi. Wannan ba ya fitowa a tef.

Don haka bayan zagayen gini, ku yi zagayen hidima. Ku zaɓi hidima biyar da jama'a suka fi zuwa nema, misali rajistar haihuwa, biyan haraji, neman izinin gini, neman tallafi, kai ƙorafi. Kowace ɗaya mambobi su bi ta daga farko har ƙarshe: ta ina mutum zai ji labarinta, wane fom zai cika, wa zai gani, yaya za a sanar da shi sakamako. A kowane mataki a tambaya: in ba ya gani fa, in ba ya ji fa, in karatu na yi masa wuya fa, in ba zai iya tsayuwa minti talatin a layi ba fa?

Abubuwan da za ku tarar kusan sanannu ne. Sanarwa ta hanya ɗaya tak, ko lasifika ko allo, alhali ana buƙatar duka biyun. Lambar waya ta kira kawai, ba wadda za a aika wa saƙon rubutu. Takardun da aka ɗauki hotonsu aka ɗora a intanet: ga mai ido rubutu ne, amma manhajar da ke karanta wa makaho allo hoto kawai take gani, ba ta furta ko kalma ɗaya. Gwajinsa shi ne ka yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya a cikin takardar ka kwafe ta. In ba ta zaɓu ba, hoto ne. Ga shafin intanet na hukuma, ku nemi a rubuta ƙa'idar WCAG matakin AA, wato ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu nakasa, cikin kwangilar mai gina shi. A cikinta akwai cewa bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 a kan 1, kuma a iya bin shafin duka da madannai ba tare da linzami ba. Takardar bugawa kuma a tanadi mai manyan haruffa, girman 16 zuwa 18 a ma'aunin haruffan kwamfuta. Rubutun makafi na Burel a yi shi in an nema, amma a tambayi mutum tukuna, domin makafi da yawa, musamman waɗanda suka rasa gani da girma, ba su koye shi ba, sauti ko saƙon waya suka fi so.

Kuskuren da aka fi yi wa kurame shi ne a ce ai za a rubuta musu a takarda. Ga wanda aka haifa kurma, maganar hannu ce harshensa na farko, rubutaccen harshe na biyu ne, kuma maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, ƙasashe da yawa kowace da tata, wani lokaci ma fiye da ɗaya. A tambayi kuramen yankin wane tafinta suke fahimta. Zaman da zai wuce awa ɗaya yana buƙatar tafinta biyu, suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, domin bayan haka gajiya kan sa ma'ana ta fara zuba. Haske ya faɗa fuskar tafinta, kada a tsayar da shi gaban taga. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Jami'i ya kalli kurman ya yi masa magana, ba ya ce wa tafinta "gaya masa" ba. Kuma kada a mai da ɗan mutum ko matarsa tafinta a maganar kuɗi, ko lafiya, ko ƙorafi. Sirrinsa ne.

Zaman kwamitin kansa shi ne wurin gwaji na farko. Takardun zama su isa ga mambobi mako guda kafin rana, kowa ta siffar da yake iya karantawa.

Sabon Mamba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, iyayena. Saura biyu. Idan tsohon bene ne ba na'urar hawa, kuma ba kuɗin sa ta a kusa, me kwamiti zai ce? Sannan maganar ƙidaya, a bar ta ke nan?

Injiniya ya rubuta:

A sauko da hidimar, ɗan'uwa. Duk ofishin da jama'a ke zuwa ya dawo ƙasa, na ajiyar fayil da na lissafin cikin gida su hau sama. Ɗakin taron majalisa ma haka, domin halartar zaman majalisa haƙƙi ne. In wani ofishi ba zai motsu ba, a keɓe ɗaki a ƙasa mai ƙofa da ake rufewa, jami'i ya sauko ya sami mutum a nan, ba a tsaye a baranda kowa na ji ba. Ɗaukar mutum da kekensa a hau da shi bene ba mafita ba ce. Akwai haɗarin faɗuwa, akwai zubar da mutunci, kuma ranar gobara ba wanda zai tsaya ɗaukarsa.

Ga jerin gyare-gyare kuma, ku kasa shi uku. Abin da ke iya raunata mutum: buɗaɗɗen magudanin ruwa a kan hanya, gangare mai tsananin tsayi, ƙofar fita da aka sa wa kwaɗo. Abin da ke hana shiga ɗungurum. Sai abin da ke wahalarwa amma ana iya wucewa. A cikin kowane kashi ku ware waɗanda ba sa cin kuɗi, irin kwashe kayan shara daga banɗakin masu keke, sa kujeru a wurin layi, shafa fenti mai bambancin launi a bakin kowace matakala. Waɗannan a gama su cikin wata uku na farko.

Mai Ƙididdiga ta rubuta:

Kada ku jira ƙidaya, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wajen kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna da nakasa mai tasiri. Mutum ɗaya cikin shida ke nan, ya isa hujjar fara aiki a ko'ina. Kuma kada a yarda da hujjar cewa ba sa zuwa ofishin. Wanda ya san ba zai iya shiga ba, ba zai ɓata kuɗin mota ba.

In za a tattara bayani, kada a tambayi mutum "kana da nakasa?" Da yawa za su ce a'a saboda kunya, tsofaffi kuma za su ce tsufa ne kawai, sai adadin ya fito ƙarami. Akwai tambayoyi shida na Rukunin Washinton, wato rukunin masana ƙididdigar nakasa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙasashe da dama ke sawa a ƙidayarsu. Suna tambayar wahala a gani ko da tabarau, a ji ko da na'urar ji, a tafiya ko hawa matakala, a tunawa ko tattara hankali, a kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da kuma a fahimtar magana ko fahimtar da wasu. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba na iyawa sam. Wanda ya ce "sosai" ko "sam" a ɗaya daga ciki shi ake lissafawa. Kada a canza kalmomin, kada kuma a gabatar da su da cewa yanzu za a yi tambaya kan nakasa. Mafi sauƙi a ƙara su cikin fom ɗin da hukuma ta riga take amfani da shi, bisa yardar mutum, a kuma ba kwamiti jimilla kawai, ba sunaye ba.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

Hajiya ta yi daidai. Ƙarin da zan yi kan abin da ke biyo bayan shawara ne. Ku buɗe rajista ɗaya: lamba, ranar miƙawa, shawarar a jimla guda mai adadi, sashen da ke da alhaki, amsa, ranar kammalawa. "A inganta shiga ofishin haraji" ba za a iya bibiyarta ba. "A sake gangaren ofishin haraji daga mita 2 zuwa mita 5.4, da ƙarfen dafawa hannu biyu" ana iya zuwa da tef a duba. Kowane zama a fara da karanta waɗanda ranarsu ta wuce, sau ɗaya a shekara kuma a kai rajistar gaban majalisa a buɗaɗɗen zama.

Ku nemi kuma a sa sharaɗi a kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai mambobi biyu na kwamiti sun auna aikin tare da injiniyan hukuma. A gangare ma kada ku jira ƙarshe. Ku je ranar da aka kafa katako kafin a zuba kankare, domin a ranar gyaran kuskure cire ƙusa ne da matsar da katako. Bayan an karɓi aiki, ku koma duk wata shida da takardar nan mai gurbi huɗu, ku duba ko an kulle banɗakin, ko ana ajiye babura a bakin gangaren, ko ƙarfen dafawa ya fara girgiɗi.